Kama Da Wane Ba Ta Wane: Martani Ga Mai Cewa Gurguzu Musulunci Ne A Aikace

A makon jiya wani marubuci da nake ganin girman alƙalaminsa ya fitar da dogon rubutu a shafin ra'ayi na wata jarida, yana neman gamsar da mu cewa kwaminisanci da Musulunci 'yan gida ɗaya ne, 'yan jari-hujja ne kawai suka shiga tsakani suka raba su. Rubutun ya yi daɗin karatu, kuma duk wanda ya karanta zai ga cewa ciwon talaka ne ya sa Malam ya ɗauki alƙalami. Ban yi shakkar niyyarsa ba. Hujjojinsa ne ban yarda da su ba.

Ga abin da ya ce, gwargwadon fahimtata. Musulunci ya wajabta zakka, ya haramta riba, ya hana ɓoye abinci don a tsawwala farashi, kuma ya sanya ruwa da makiyaya da wuta a matsayin abin da jama'a ke tarayya a kai. To mene ne wannan in ba gurguzu ba? Sahabi Abu Zarri, a ganinsa, shi ne ɗan gurguzu na farko. Da Karl Marx ya kwatanta addini da ofiyom, cocin Turai yake nufi, wanda ya haɗa kai da sarakuna ana tatsar manoma, kuma maganar ma ta tausayi ce ga wanda wahala ta ishe shi. Rashin yarda da Allah da aka san kwaminisanci da shi, in ji Malam, ɓawon gyaɗa ne: a ɓare a yar, a ci ƙwayar, wato ilimin tattalin arziki. Abin da aka yi wa masallatai a Tarayyar Sobiyat laifin Stalin ne. Ya rufe da cewa mu a nan ba ma bukatar dogon musu, tunda Malam Aminu Kano ya riga ya haɗa biyun a aikace.

Akwai gaskiya a cikin wannan, kuma ba ƙarama ba. Wanda ya karanta babin da Marx ya yi kan tsawon ranar aiki a littafinsa na jari da ya fito a 1867, inda ya kwaso rahotannin jami'an duba masana'antu na Ingila kan yara ƙanana da ake sa wa aikin dare, ba zai ce mutumin ba shi da zuciya ba. Haka nan gaskiya ne cewa a wurin da ya ambaci ofiyom ya bayyana addini a matsayin nishin wanda aka danne. Amma Malam ya karanta rabin shafi ya rufe littafin.

Marx bai fara da tattalin arziki ba, da falsafa ya fara. Kundin digirinsa na dakta da ya miƙa wa Jami'ar Jena a 1841, a kan Democritus da Epicurus ya rubuta shi, masanan Girka biyu da suka tafi a kan cewa duniya ba komai ba ce face ƙananan ƙwayoyi da ke yawo a sarari. A shekarar ce kuma Ludwig Feuerbach ya fitar da littafinsa kan Kiristanci, inda ya ce ɗan Adam ne ya tattara kyawawan siffofinsa, ilimi da iko da jinƙai, ya ɗaga su sama ya kira su Ubangiji, sannan ya durƙusa yana bauta wa abin da ya fito daga kansa. Wa'iyazu billahi, amma abin da ya ce ke nan. Marx ya karɓi wannan hannu bibbiyu. Ƙorafinsa kawai shi ne Feuerbach ya tsaya a rabin hanya, bai tambayi wane irin zaman duniya ne ke tilasta wa mutane wannan ƙirƙira ba. A rubutun nan na 1844 da Malam ya ɗauko ofiyom daga ciki, kafin a kai ga ofiyom ɗin, Marx ya riga ya faɗa ƙarara cewa mutum ne ke yin addini, kuma sukar addini ita ce mabuɗin kowace suka. Bayan ofiyom ɗin kuma ya ce kawar da addini, wanda ya ɗauka jin daɗi ne na ruɗu, shi ne neman jin daɗi na gaskiya. Ina coci a nan? Ina fada-fadan Turai? Ba limaman da suka ci amana yake magana a kai ba, asalin imani da gaibi yake nufi, ko a Roma ake yin sa ko a Makka.

Daga nan ne aka gina komai. Ginshiƙin fahimtar Marx ga tarihi shi ne cewa yadda mutane ke samar da abin da za su ci, da wanda ya mallaki gona da injin da ake samar da shi, shi ne tushe. Doka da siyasa da ɗabi'a da addini duk rassa ne da suke tsirowa daga wannan tushe, suna canzawa idan ya canza. Ya rubuta haka tare da abokinsa Engels a tsakiyar shekarun 1840, ya sake taƙaita shi a gabatarwar wani littafinsa a 1859. To Malam, mu ɗora wannan ma'auni a kan abin da ni da kai muka yi imani da shi. Me zai ce game da abin da ya faru a kogon Hira? Zai ce kasuwancin Ƙuraishawa ya bunƙasa, zumuncin ƙabila ya fara sakwarkwacewa, aka samu masu dukiya da marasa galihu, sai al'umma ta haifar da tunanin da ya dace da halin da take ciki. Musulmi na iya yarda cewa duk waɗannan abubuwa sun faru a Makka, littattafan sira ma sun kawo su. Abin da ba zai iya yarda da shi ba shi ne cewa daga nan wahayi ya fito. Ɗaya ya ce daga sama aka saukar, ɗaya ya ce daga ƙasa ya tsiro. Wane kwamitin sulhu ne zai raba wannan gardama kowa ya tashi da rabi?

Shi ya sa misalin gyaɗar bai zauna ba. Abin da Malam ya kira ɓawo, shi ne man da ke cikin ƙwayar. Ana iya matse shi a fitar, ba wanda ya ce ba a iyawa, kuma abin da zai rage ƙuli-ƙuli ne: ana ci, yana ƙosarwa, amma ba wanda zai kai shi gona ya shuka. Idan ka cire wa Markisanci aƙidar cewa abin da ake gani ake taɓawa shi ne asalin komai, to alƙawarinsa mafi girma ya faɗi, wato cewa tarihi na tafiya bisa doka tabbatacciya zuwa al'ummar da babu aji babu gwamnati. Abin da zai saura shi ne nazari mai kaifi kan yadda mai jari ke cin gumin ma'aikaci. Nazarin yana da amfani. Sai dai ba shi ake kira kwaminisanci ba, kuma su kansu masu abin ba za su yarda a kira shi haka ba.

Akwai wata hujja da Malam bai kawo ba, wadda ta fi duk nasa ƙarfi, bari in kawo masa ita. Marx da Engels ba su yi kiran a hana addini da ƙarfin doka ba. Engels ya yi wa masu wannan ra'ayi ba'a a 1874, ya kuma sake yi wa Eugen Dühring a 1878, yana cewa tsangwama ƙara wa addini rai take yi. Amma dubi dalilinsa. Ya ce a bar shi, zai mutu da kansa idan aka gyara tattalin arziki, kamar yadda Marx ya rubuta cewa inuwar addini za ta gushe ranar da alaƙar mutane ta zama a sarari. Wanda ya ce kada a kashe ka domin ajalinka ya kusa, ban san ko za ka kira shi masoyi ba.

Lenin kuwa bai ɓoye komai ba. A 1905 ya rubuta cewa addini harkar mutum ce shi kaɗai idan ana maganar gwamnati, amma ba haka yake ba idan ana maganar jam'iyya. A 1909 ya ƙara da cewa Markisanci ba ya yi wa addini sassauci ko kaɗan, sai dai a bi a hankali kada a raba kan ma'aikata. A 1920 ya gaya wa matasan jam'iyyarsa cewa ɗabi'arsu na ƙarƙashin bukatun gwagwarmayar aji ne, ba su san wata ɗabi'a da ta zo daga umarnin Ubangiji ba. Duk wannan kafin Stalin ya hau mulki.

A nan ne tarihin Musulmin Rasha ya cancanci a tsaya a kansa, domin tayin da Malam ke yi mana yau an taɓa yi musu. Makonni kaɗan bayan juyin 1917, Lenin da Stalin suka sa hannu a wata takarda zuwa ga Musulmin Rasha da na Gabas, suna yi musu alƙawarin cewa ba za a taɓa aƙidarsu da al'adunsu ba. Aka mayar wa Musulmi tsohon Alƙur'anin nan da ake dangantawa da Sayyidina Usmanu, wanda sarakunan Rasha suka ɗauke daga Samarƙand. A taron Baku na Satumbar 1920, Zinoviev, shugaban ƙungiyar kwaminisanci ta duniya, ya tsaya gaban wakilan ƙasashen Gabas ya kira su zuwa yaƙi mai tsarki da mulkin mallakar Ingila, zauren ya ɗauki sowa. Mutumin da bai yarda da Allah ba yana kiran jihadi! A farkon shekarun 1920 an bar kotunan shari'a da makarantun addini suna aiki a wurare da dama. Da mulki ya zauna daram sai aka canza murya. Aka kafa ƙungiyar yaɗa rashin addini a 1925. Kafin ƙarshen shekarun 1920 an rufe kotunan shari'a, an ƙwace dukiyar waƙafi, an soke rubutun Larabci da mutanen suka gada aka maye shi da na Latin, daga baya kuma na Rasha, har aka wayi gari jika ba ya iya karanta littafin kakansa. Masallatan da suka haura 20,000 kafin juyin, ba su kai 1,500 ba a farkon shekarun 1940. A Kazakistan an tilasta wa makiyaya zama wuri ɗaya, an ƙwace dabbobinsu da sunan gonakin tarayya, yunwar da ta biyo baya ta kashe mutum kusan miliyan 1.5 a farkon shekarun 1930.

Sai Mirsaid Sultan-Galiev, ɗan ƙabilar Tatar, wanda ya fi kowa ƙoƙarin samar wa Musulmi gurbi a cikin juyin. Ɗan jam'iyya ne na gaske, har rubutu ya yi kan dabarun raba Musulmi da addini, yana ba da shawarar a bi da lallashi domin Musulunci ya shiga jinin mutanen. Ko wannan lallashin bai cece shi ba. An kama shi a 1923, Lenin na raye, an harbe shi a 1940. To in Stalin ne kaɗai mai laifi, wa ya aiki Enver Hoxha ya rufe masallatai da coci-coci sama da 2,000 a Albaniya a 1967? Wa ya sa har yau Jam'iyyar Kwaminis ta Sin ke shardanta wa 'ya'yanta rashin addini? Na san Kyuba ta buɗe wa masu imani ƙofar jam'iyya a 1991, amma sai da Tarayyar Sobiyat ta kama hanyar rushewa aka tuna da su.

Mu dawo gida, ga Abu Zarri, Allah ya yarda da shi. Gaskiya ne ya yi saɓani da Mu'awiya a Sham kan ayar Suratut Tauba da ta yi gargaɗi ga masu taskace zinariya da azurfa, gaskiya ne kuma ya ƙare rayuwarsa a Rabaza a shekara ta 32 bayan hijira. Amma da me yake tsoratar da masu dukiya? Da wutar lahira. Ka cire lahira daga maganar Abu Zarri ka gani ko akwai abin da zai rage. Kuma bai taɓa cewa gwamnati ta ƙwace gonaki da raƙuma ta mallake ba. Mai dukiya yake kira ya ciyar da hannunsa. Duk da haka mafi yawan sahabbai ba su bi shi a kan tsananin ba, sun tafi a kan cewa dukiyar da aka fitar wa zakka ba taska ba ce. A cikinsu akwai Abdurrahman ɗan Aufu, wanda da ya isa Madina ba shi da komai ya ce a nuna masa kasuwa, ya kuma zama attajiri. Akwai Sayyidina Usmanu, wanda ya sayi rijiyar Ruma da kuɗinsa ya bar wa jama'a. Saya ya yi, Malam. Ba ƙwacewa aka yi ba.

Ita zakkar ma, a je a ga yadda ake fitar da ita a ƙauye bayan kaka. Manomi ya ɗaure gerona, ya jera dammuna a bakin rumbu, yana ƙirgawa: tara nasa, na goma na Allah. In noman rani ne da ya sha wahalar ban ruwa, ɗaya cikin ashirin. Mai shanu talatin ya ba da ɗan maraƙi, mai tumaki arba'in ya ba da ɗaya, ɗan kasuwa ya fitar da biyu da rabi cikin ɗari idan shekara ta zagayo. Duk lissafin nan bai da ma'ana sai an fara yarda cewa gonar tasa ce, garken nasa ne, kuma taran da suka rage halaliyarsa ne. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Maganar gado ta fi wannan fitowa fili, kuma na yi mamaki da Malam ya tsallake ta. A cikin matakai goma da Marx da Engels suka lissafa a sanarwarsu ta 1848, na uku shi ne soke haƙƙin gado baki ɗaya. A garuruwanmu kuwa, bayan an share makoki, a zauren gidan mamaci ake shimfiɗa tabarma, a kira malami, a kawo takardun gida da na gona, a fara biyan bashi, a zartar da wasiyya in ba ta wuce sulusi ba, sannan a fitar wa matar tumuninta, uwa ta karɓi sudusi, 'ya'ya su raba saura. Wannan rabo ba fatawar wani malamin fada ba ne da za a ce sarakuna suka saya. A Suratun Nisa'i yake, da adadinsa.

Saura Malam Aminu Kano, wanda kowa ke jan rigarsa zuwa ɓangarensa tun da ya rasu a 1983. Ba a musun cewa sanarwar Sawaba ta NEPU a 1950 ta yi maganar gwagwarmayar aji tsakanin talakawa da masu riƙe da mulkin En'e, kuma ba a musun cewa zamansa a Landan ya haɗa shi da 'yan gurguzun Ingila. Daga baya ma a PRP an samu waɗanda suka karanta Marx da gaske, musamman a da'irar malaman jami'a ta Zariya. Amma da wane harshe Malam Aminu ya yi wa talaka magana har ya tashi tsaye? Ɗan gidan malamai ne, mai tafsiri da azumi. Shi da Sa'adu Zungur, makaminsu mafi kaifi shi ne tuna wa sarakuna cewa sun saki tafarkin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda a Kitabul Farƙ ya lissafa jangali da gaisuwa cikin zaluncin sarakunan da ya yaƙa. Da Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali a Kano da Kaduna a 1979, tsohon da ya yi kabbara a ƙauye bai san wani Feuerbach ba. Ba ƙwace gonarsa aka yi aka mayar ta tarayya ba, bar masa abinsa aka yi. In wannan ne kwaminisanci, to Lenin zai so a yi masa bayani.

Malam ya ce magabata sun ɗauki ilimin Girkawa, me zai hana mu ɗauki na Marx? Ba abin da zai hana, kuma a nan ne na tsaya. Sai dai a yi yadda suka yi. Imam Gazali bai ce Aristotle Musulmi ne bai sani ba. Ya zauna ya karanci masu falsafa har ya iya bayyana ra'ayinsu fiye da su, ya karɓi lissafi da manɗiƙi, ya ware mas'aloli 20 ya yi musu raddi, ya ce 3 daga ciki ba sa haɗuwa da imani. A zamanin nan Muhammad Baƙir al-Sadr ya yi irin wannan aiki a Iraƙi, lokacin da kwaminisanci ke tashe a can: littafi guda kan falsafa a 1959, wani kan tattalin arziki bayansa, ya ɗauki Marx da muhimmanci, ya kuma nuna inda hanya ta rabu. Ɗalibi Musulmi ya karanta Marx, ya koyi tambayar wa ke aiki wa ke kwashe riba, ya yi amfani da ita a kan masu ɓoye hatsi da masu cinye kuɗin taki. Ya haɗa kai da ɗan gurguzu a ƙungiyar ƙwadago kan albashi, babu laifi. Amma ya san cewa tushensu biyu ne, kada a ruɗe shi da cewa ɗaya ne. Haka kuma ban yarda da malamin da ke jin an ce adalci sai ya yi ihun kwaminisanci don ya kare mai gidansa ba. 'Yan NEPU sun sha wannan sharri, an kira su da sunayen da ba nasu ba, an kai su gaban alƙalai an ɗaure.

Wannan ne ma ya sa nake ganin rubutun Malam zai cuci waɗanda yake son taimako. A Sudan an yi jam'iyyar kwaminis mafi ƙarfi a yankin, mai ƙungiyoyin ma'aikatan jirgin ƙasa da manoman Jazira a bayanta, kuma shugabanninta na kaffa-kaffa da maganar addini. A Nuwamban 1965 wani ɗalibi ya tashi a wani taro a kwalejin horar da malamai ta Omdurman, ya ce shi ɗan kwaminis ne, ya yi maganar banza kan iyalan gidan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Jam'iyyar ta ce ba ɗanta ba ne. Ba wanda ya saurara. Cikin 'yan makonni majalisa ta haramta ta, aka kori wakilanta da jama'a suka zaɓa. Bukatun ma'aikacin jirgin ƙasa na Atbara ba su canza ba a wannan dare, amma an samu sandar dukan duk wanda ya ɗauko su. Malam na so ya ɗauki kukan talakan Arewa, wanda ke da hujjarsa a cikin Alƙur'ani da littattafan Shehu, ya rataya masa sunan da zai sa a rufe masa baki tun bai buɗe ba.

In Malam zai sake rubutu, ina roƙon ya bar Stalin ya huta, ya amsa abu biyu kawai. A ƙasar da yake mafarki, ranar da mai gona ya rasu ya bar mata da 'ya'ya huɗu, malami za a kira ko jami'in jam'iyya? Kuma ɗan da zai shiga makaranta a can, me za a koya masa game da inda wahayi ya fito?